Matar Fasto a Kujerar Baƙi

Kvalnes, Nuwamba 1988

Zuwa ga Sista Aslaug,

Alheri da salama na Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ki. Ina fatan kina lafiya, sanyin Voss kuma bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Eilif Nordang ne, in ba ki manta ba, dogon nan da kika koya wa sauraron masu damuwa tun ina ɗalibi, lokacin kina riƙe da gidan hutun fastoci. An ce kin ajiye aiki, kunnenki ya yi nauyi har kin daina ɗaukar waya, amma har yanzu kina amsa wasiƙar duk faston da duniya ta yi wa zafi. Ban taɓa zaton zan shiga sahunsu ba.

Matata Gunvor ta tafi. Tun watan Satumba ta hau jirgin fito, ta ce za ta je Bergen wajen yayarta Borghild ta ɗan huta. Sai da na dawo gida na lura ta tafi da babbar rigar sanyinta da keken ɗinkinta. Mai zuwa hutu ba ya ɗaukar keken ɗinki. Nakan buga mata waya. In ta ɗauka sai ta tambaye ni ko na rufe tagar ɗakin sama, ni kuma in tambaye ta ko ana ruwa a Bergen. Kullum ana ruwa a Bergen. Daga nan sai mu yi sallama.

Na faɗa wa jama'ar ikilisiya cewa yayarta ce ba ta da lafiya. Allah ya gafarta mini, Borghild lafiyarta ƙalau, ga shi har an sa sunanta cikin addu'ar marasa lafiya ta ranar Lahadi. Matan zumunta suna ta kawo mini miyar kifi, tukwane sun cika kicin, ban san wacce ce ta wa ba.

Aiki bai tsaya ba. Har yanzu ma'aurata suna shigowa ta ƙofar gefe, su zauna a ɗakin aikina, in saurare su. Asabar da ta wuce na ɗaura auren ɗan wani masunci, na yi wa'azi a kan abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba, muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Sista, shekara ashirin da uku muna tare. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ba na shan giya, babu wata mace. 'Yarmu Ingunn tana karatu a Trondheim, ban gaya mata komai ba tukuna. Shawara biyu nake nema: yaushe ya kamata in sanar da bishop, me kuma zan faɗa wa dattawan ikilisiya. In akwai littafin da kike ganin zai taimaka, ki rubuto mini sunansa.

Akwai wani ɗan abu kuma. Duk sa'ad da jirgin yamma ya iso, sai in tsinci kaina a bakin gaɓa, wai na zo karɓar wasiƙun coci. Har ƙofa ake kawo mini su, kowa a tsibirin nan ya sani. Ba wanda ya ce mini komai, mutanen nan suna da kara.

Ubangiji ya kiyaye ki, ya ƙara miki ƙarfi.

Naki cikin hidima,
Eilif Nordang, fasto


Voss, Disamba 1988

Eilif,

Salama. Gwiwa tana nan, ta fi ka iya faɗin inda yake mata ciwo. Na tuna ka mana. Wa zai manta ɗalibin da ya ɗaga hannu ya nemi izini kafin ya yi atishawa?

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Haba Eilif! Matarka ta tafi da keken ɗinki, kai kuma littafi kake nema? Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa. Ka jero mini abubuwan da ba ka yi: ba ka sha, ba ka tsawa, ba ka neman mata. Madalla. Kabad ɗin ɗakina ma ba ya yin ko ɗaya a cikinsu, amma ban ji wadda ta ce za ta aure shi ba.

Bishop zai iya jira. Dattawa kuwa sun riga sun sani. Kana zaton don ciwon Borghild ake cika maka kicin da tukwane? Ka cire sunan baiwar Allah nan daga addu'ar marasa lafiya, kafin labari ya kai mata ta hawo jirgi ta zo ta warke a gabanka.

Ruwa ba ya tsami banza. Mace ba ta barin gidan da ta yi shekara ashirin da uku a cikinsa ba tare da ta taɓa faɗin komai ba. Ga aikin da na ba ka. Ka fita daga ɗakin aikinka, ka zauna a kicin, a kujerar da take zama, ka daɗe. Sa'an nan ka tambayi kanka: yaushe rabon da ta gaya maka wani abu mai nauyi, me kuma ka yi da shi? Ka rubuto mini amsar. Kada ka ƙara liƙa mini "fasto" a bayan sunanka, na san aikinka, ni na koya maka rabinsa.

Ka ci miyar, ka nemi masu tukwane ka mayar musu. Ina sa ka a addu'a da safe, lokacin da kaina yake aiki.

Aslaug


Bergen, Janairu 1989

Sista Aslaug,

Ina gaishe ki da kyau, barka da sabuwar shekara. Gunvor ce, matar Eilif Nordang na Kvalnes, wadda ta taɓa zuwa taron matan fastoci a gidanki ta ƙona miki tukunyar kofi. Ban sani ba ko ya rubuto miki. Na san ko ya rubuto ba za ki faɗa ba, ku duka bakinku a ɗinke yake. To ga tawa ni ma, ki ɗinke a kanta.

Na bar shi, ko dai gidan na bari, ni kaina ban tantance ba. Ina aiki a wani kantin ulu kusa da kasuwar kifi. Mai kantin ta ce in ina so in zauna dindindin, akwai ɗaki a sama, amma in ba ta amsa kafin bikin Ista. In na ce mata e, na san na bar tsibirin nan ke nan.

Kin san gidan fasto. Akwai ƙofar gefe da take shiga ɗakinsa kai tsaye, don kada maƙwabta su ga mai zuwa neman shawara. In ƙararrawar ƙofar nan ta buga, sai in hau sama in kunna rediyo, don kada in ga fuska ko in gane murya. Shekara ashirin ina hawa sama. A kanti kuwa, da na shiga hira take mutuwa, wai Eilif yana gaya mini asirinsu. Wayyo, da ma! Mutumin da in ka tambaye shi wa ya gani yau sai ya ce, "Mutane." Ga baƙin jinin sanin asiri, ga ni ban san komai ba. Ƙawa ko ɗaya ban yi ba a garin. Da Ingunn ta tafi makaranta, sai na kama kaina ina yi wa injin wanki magana.

Na sha gwada gaya masa a tebur. In na fara sai waya ta buga, ko ya shigo a gajiye, kunnensa cike da kukan wasu, in ji tausayinsa in haɗiye. Sai wata Alhamis da yamma cikin Fabrairun bara na ce to, tunda ta ƙofar nan ake samunsa, bari ni ma in bi layi. Na sa rigar zuwa coci, na fita ta kicin, na zagaya gidana cikin dusar ƙanƙara, na danna ƙararrawa.

Ya buɗe, ya ce, "Gunvor? Lafiya? Makulli kika manta?"

Na ce, "Wajen fasto na zo."

Ya dube ni, ya ƙara dubana. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ta koma fuskar nan tasa ta aiki, mai laushi, wadda ba ta mamakin komai. Ya ce, "Shigo, ga wuri." Ya karɓi rigar sanyina ya rataye. Ya zaunar da ni a kujerar baƙi, ya zuba mini kofi daga filas ɗin da ni na cika da hannuna da safe.

Na zazzage komai. Na ce ni mace ce a ikilisiyarka, kaɗaici zai kashe ni. Na ce mijina mutumin kirki ne, kowa yana samunsa ban da ni. Na ce in na ga jirgin fito zai tashi, sai in ji ƙafafuna suna so su bi shi.

Kin san abin da ya ce? "Ina jin ki. Tun yaushe kike jin haka?"

Na yi kuka har da majina. Ya miƙo mini hankici, ya jira, irin jiran nan da kuke koya musu. Sa'an nan ya yi addu'a, wai Ubangiji ya dubi wannan baiwa tasa da mijinta. Mijinta fa! Ya sa mini rigar sanyina, ya raka ni ƙofar gefe, ya ce ƙofar nan a buɗe take koyaushe. Na sake zagayawa, na shiga kicin, na hau fere dankali.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, na ce a tebur zai yi magana. Ya zo ya zauna, ya sa albarka a abinci, ya ce, "Kifin nan ya yi daɗi." Na ce to gobe. Sista, wata bakwai ina cewa gobe. Ko tari bai yi ba a kan maganar. Abin da ma ya ƙaru, duk Alhamis da yamma sai ya shige ɗakin nan ya rufe, ko wa ya samu sabo oho, ni kuma in hau sama in kunna rediyo kamar yadda na saba.

Ba na ƙinsa, abin haushin ke nan. Da mugu ne da na san sunan ciwona. A nan ina kwana a kan kujerar falon Borghild, ita da mijinta suna ta rage murya in na shigo. In wani abin dariya ya faru a kanti sai in ce zan ba Eilif labari, sai in tuna.

Me zan ce wa mai kanti? Kuma ina roƙonki, ko kalma ɗaya kada ta kai kunnensa.

Ki huta lafiya,
Gunvor


Voss, Janairu 1989

Gunvor, 'yata,

Salamar Ubangiji ta zauna tare da ke. Tukunyar tana nan da baƙin gindinta, a ciki nake dafa kofi har yau.

Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ba hauka kika yi ba, ba kuma rashin godiya ba ne. Mutum ya zagaya gidansa cikin ƙanƙara don a saurare shi, wannan kuka ne, Allah kuwa ya ji shi ko da wani bai amsa ba. Ni ban taɓa aure ba, in na zauna cin abinci ni kaɗai na san dalili. Ke kuwa kina zaune da mutum a gabanki. Naki ya fi nawa ciwo, ba na musu.

Ba zan ce ki koma ba, ba zan ce ki zauna ba. Na ga matan da aka kora gida da ayar Littafi kamar ana kora awaki, ban ga alherin da abin ya haifa ba. Amma kada haushi ya ba mai kanti amsa a madadinki. Ista da saura.

Abu ɗaya nake roƙo, ki kwance mini baki. Ban ce yana rubuto mini ba, ban ce ba ya yi ba. Amma in kin yarda in kai masa abin da kika gaya mini, ko da rabinsa ne, ina ganin da sauran abin da za a tsamo. In kin ce a'a, a'a ce, zan kai ta kabari.

Ki riƙa cin abinci sosai. Ki gaida Borghild.

Aslaug


Bergen, Fabrairu 1989

Sista,

Ina gaisuwa, na gode da wasiƙarki, na sa ta a aljihun rigata.

A'a. Da bakina na faɗa masa, yana zaune yana kallona. In har sai wata tsohuwa daga Voss ta fassara masa matarsa, to ki bar shi kawai.

Ki yafe mini "tsohuwa".

Gunvor


Kvalnes, Fabrairu 1989

Sista Aslaug,

Alheri da salama a gare ki. Ki gafarta mini jinkirin amsa. Kirsimeti ta zo da hidimominta, Ingunn ta wuce Bergen wajen uwarta, ni kuma bayan sujada a coci na dawo na ci burodi da cuku a tsaye.

Na yi aikin da kika ba ni. Na zauna a kujerarta a kicin. Ban taɓa sanin cewa daga nan ana jin takun duk wanda ya bi ta gefen gida ba. Ban kuma san tagar tana kallon gaɓar jirgi sak ba.

Tambayarki kuwa, ba zan iya amsa ta ba, ba don babu amsa ba. Ki bar ni in kawo miki wata matsala ta aiki, babu suna.

Bara wata mace daga cikin ikilisiyata ta shigo ta ƙofar gefe, sau ɗaya tak. Ta faɗi abu mai nauyi game da aurenta. A duk shekarun da na yi a kujerar nan ban taɓa jin ina so in tashi in durƙusa a gaban mai magana ba sai ranar. Amma na tuna abin da kika koya mana. Wanda ya shigo ta ƙofar nan fasto ya zaɓa. Abin da ya faɗa a ciki ba ya bin sa waje. Ko a hanya kuka haɗu, ko a gaban bagade kana miƙa masa gurasar Jibin Ubangiji, kada fuskarka ta nuna ka sani, sai in shi ne ya tayar da maganar. Mutanen tsibirin nan sun amince da ni ne don ban taɓa karya wannan ba, ko da ƙiftawar ido.

Na yi tunani, matar nan tana da wurare da yawa da za ta iya faɗin maganarta. Ta bar su duka, ta sa rigar coci, ta zaɓi wuri guda da aka yi alkawarin maganar ba za ta fita ba. Na ɗauka abin da take roƙo ke nan: a ji, a rufe. Shi ne kaɗai abin da na iya da kyau, yaya zan hana ta shi? Da maraicen ranar na miƙa mata kwanon dankali a tebur. Na faɗi wani abu a kan kifi don kada in fashe da kuka.

Tun daga ranar na hana kowa Alhamis da yamma. Na ce wannan lokacin nata ne, za ta dawo mu ci gaba. Kowane mako sai in shiga, in cika kofi biyu, in zauna ina jiran ƙararrawa. Ba abin da nake ji sai rediyo a sama. Haka har Satumba.

Ga tambayata. Akwai halin da zai halatta fasto ya fara tayar da abin da aka faɗa masa a ɗaki? Na duba littattafaina, ban samu ba. Ina jin kamar na riƙe amana har ta mutu a hannuna, amma ban ga inda na kauce wa ƙa'ida ba. Wannan ne yake hana ni sukuni.

Tukwane saura biyu, masu su sun ƙi bayyana.

Ubangiji ya riƙe ki.

Eilif


Voss, Maris 1989

Eilif,

Salama, in da sauranta a gidan nan naka.

Mace nawa ce a ikilisiyarka kake miƙa wa kwanon dankali da maraice? In sun wuce ɗaya, to lallai bishop ya kamata ya ji, yau ba gobe ba. In ɗaya ce, bari mu daina wasan ɓuya. Duk abin da zan faɗa daga wasiƙarka na ɗauko shi.

Kai, Eilif, Allah ya shirye ka! Ni na koya maka rufe ƙofa, amma ban ce ka haɗiye makullin ba. Alkawarin rufe baki katanga ce tsakanin mai magana da mutanen gari. Kai kuma ka ɗauko katangar ka gina ta a tsakiyar teburin cin abincinka. Wa kake ɓoye wa asirin? Ita ai ta san abin da ta faɗa.

Macen da ta danna ƙararrawar gidanta ba fasto take nema ba. Mijinta ne ya ɓace mata, ta ji an ce a ɗakin nan ake ganinsa. Ta zo, ta tarar da ma'aikaci, na tabbata ya ba ta kofi ya yi mata addu'a ya sallame ta yadda kuka saba.

Ka ce ba ka kauce wa ƙa'ida ba. Gaskiya ne. Adamu ma ba a cikin juji ya ɓuya ba, a cikin itatuwan da Allah ya dasa da hannunsa ya ɓuya. Ƙa'idar mai kyau ce. Amma ka tambayi kanka ko ba ta yi maka daɗi ba ranar, tunda fasto sauraro kawai zai yi, miji kuwa dole ya amsa.

Na yi maka faɗa, yanzu ga ɗaya gefen. Na yi kukan Alhamis ɗin nan taka. Mutum biyu a gida ɗaya, rufi ɗaya tsakaninsu, kowa yana jiran kowa. Ba ni ya kamata in ji wannan labarin ba.

Ka rubuta mata. Ba aya, ba tambaya, ba "ina jin ki". Na san ku fastoci, za ka ce bari hidimar Ista ta wuce tukuna. Kada ka kuskura. Almasihu zai tashi ko ka shirya wa'azi ko ba ka shirya ba.

Ban yi maka alkawarin za ta dawo ba. Ka rubuta don hakkinta ne.

Aslaug


Kvalnes, Maris 1989

Gunvor,

Ina gaishe ki. Na fara wasiƙar nan da aya har sau uku, ina yagawa.

Zan yi abin da ban taɓa yi ba, zan fito da maganar ɗaki waje. Ranar da kika zo ta ƙofar gefe, na ji ki. Kin ce kaɗaici zai kashe ki. Kin ce kowa yana samun mijinki ban da ke. Kin ce ƙafafunki suna so su bi jirgi. Babu ranar da ban maimaita kalmomin nan ba. Mijin da na yi wa addu'a na san shi, na kuma ji kunyarsa har na kasa kiran sunansa.

Na yi shiru a tebur ne don na ɗauka shiru kika roƙa, tunda ta ƙofar nan kika shigo. Na daɗe ina gaya wa kaina haka. Rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin, tsoro na ji. A kujerar nan na san abin yi da kowane irin kuka. A kicin ban san komai ba.

Alhamis ɗin da nake rufe ƙofa, ba kowa a ɗakin. Ke nake jira. Ina jin rediyonki a sama, ina cewa yanzu za ta kashe ta sauko. Matakala goma ne kawai, ban taɓa tunanin ni zan hau ba. Ki yi dariya in kina so, ni ma da wani ne ya kawo mini wannan labarin da na girgiza kai.

Na faɗa wa dattawa cewa Borghild lafiyarta ƙalau, ni ne ba lafiya. Tsoho Magnar ya ce, "Mun sani, fasto. Mun dai ga kana bukatar miyar." Daga nan muka koma kan batun rufin coci.

Ni ma ba ni da aboki a nan, Gunvor. Ban lura ba sai da kika tafi, don muryarki a wani ɗaki ta ishe ni, ban taɓa tambaya ko tawa ta ishe ki ba. Gidan nan ya yi mini girma. Ina kewarki ƙwarai. Ban iya faɗinsa da kyau ba, ban saba zama mai magana ba.

Ki dawo gida. In ba za ki iya ba, ki gaya mini inda zan fara.

Ki gaida Borghild da mijinta.

Mijinki,
Eilif


Bergen, Maris 1989

Eilif,

Ina amsa gaisuwa. Wasiƙarka ta iso. A tsaye na karanta ta a bayan kanti, sai da na wanke fuska kafin in koma wajen masu saye.

Mai kantin ta yi mini tayin aiki na dindindin da ɗaki a sama. Wasiƙarka tana aljihuna lokacin da na ba ta amsa, kuma e na ce mata. A nan mutane suna kirana Gunvor, suna gaya mini ciwon bayansu da sunayen jikokinsu. Ba zan bar wannan ba don takarda ɗaya, ko da ta sa ni kuka.

Ka ce in gaya maka inda za ka fara. Kanti a buɗe yake daga Litinin zuwa Asabar. Rana ɗaya nake da ita a mako, Lahadi. In ka hawo jirgin Asabar, za ka same ni da safiyar Lahadi.

Na san mece ce Lahadi a wurinka, Eilif. Na sani sarai.

Ka zauna lafiya,
Gunvor